Gam ɗin haɗi-biyu: me ya sa facin ke sakewa?

A shirinmu na wannan mako wani bawan Allah ya bugo waya daga nan Gurugu, ya ce sau uku yana liƙe tankinsa da gam ɗin nan mai tubu biyu, sau uku ruwa yana zubewa. Kai da ke zaune a Tamale ka san abin da wannan ke nufi. Ruwan da ake turo mana daga Dalun ba kullum yake isowa famfo ba, in kuwa tanki ya tsiyaye cikin dare, sai ka nemi mai tanka da kuɗinka. To ga abin da muka tattauna, ga wanda bai samu sauraro ba.

Sunan gam ɗin ifoksi. Wasu Araldite suke ce wa kowane iri, alhali wannan sunan kaya ne da kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ya fito da shi a 1946. Tubu ɗaya ƙaro ne, ɗayan kuma maganin daskararwa. In ka gauraya su, ba bushewa suke yi kamar fenti ba, sarƙewa suke yi da juna kamar saƙar taru, shi ya sa yake yin tauri haka.

Amma fa tarun nan yana da 'yan ƙofofi. Ifoksi yana shan ruwa, a hankali, ba tare da ido ya gani ba. Abin da yake sha kaɗan ne, kashi ɗaya zuwa 'yan kashi cikin ɗari na nauyinsa, sai dai ruwan na shiga tsakanin saƙar ya sassauta ta. Ga kuma inda zafi ke shigowa. Kowane ifoksi yana da iyakar zafin da in ya kai, sai ya bar taurin gilashi ya koma laushi kamar roba. Irin na kasuwa da ke daskarewa a zafin ɗaki, iyakarsa ba ta cika wuce digiri 50 zuwa 65 ba. Masu bincike sun nuna cewa duk kashi ɗaya na ruwa da ya sha yana iya rage iyakar nan da digiri 10 zuwa 20. Yanzu ka lissafa da kanka: a watan Maris zafin Tamale na taɓa digiri 40 a inuwa, ƙarfe ko baƙin tanki a rana kuwa ya fi haka nesa. Ruwan lagireton mota yakan kai wajen digiri 90. Don haka in makaniki ya ce maka ya liƙe lagireto da gam mai minti huɗu, ka ɗauke shi a matsayin abin da zai kai ka gida, ba Bolga ba.

Ni a ganina saurin nan shi ne babban tarkon. Mai kamawa cikin mintuna ya fi shan ruwa, bai kuma kai mai jinkiri juriya ba. Ba mu kaɗai abin ya taɓa ci ba. A watan Yulin 2006, a birnin Boston na Amurka, silin kankare ya rufto cikin wata hanyar ƙarƙashin ƙasa ya kashe wata mata a mota. Bincike ya gano an kafe ƙusoshin ne da ifoksi mai saurin kamawa, wanda ya riƙa saki sannu a hankali ƙarƙashin nauyi har ƙusoshin suka zare.

Shi kuwa mai tankin Gurugu, matsalarsa ta ma wuce wannan. Tankunan roba da muke amfani da su, robarsu santsi gare ta kamar kakin zuma, ifoksi ba ya kama ta sam. Gyaransu sai walda da zafi, a narka irin robar a cike tsagar. Ifoksi aikinsa ƙarfe, kankare da katako.

In aikin na ifoksi ne, to ka goge wurin da sanfefa, ka tabbatar babu mai babu danshi. Ka auna biyun yadda aka rubuta a kwali. Ƙara maganin daskararwa ba ya ƙara ƙarfi, ragowarsa ma ruwa yake jawowa. Ka ba shi yini guda cur kafin ruwa ya taɓa shi, cikakken ƙarfinsa kan ɗauki har mako. Da damina in ka ji samansa na danƙo kamar maiƙo, laimar iska ce ta taɓa shi, ka wanke ka goge kafin ka ƙara wani a kai. Cikin mazubin ruwan sha kuwa, kada ka shafa sai wanda aka rubuta an yi shi don haka.