Hattara da Ajiyar Hotuna da Takardu a Faifan CD

A Sabon Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916 a gefen Mokola, gidaje da dama suna da faya-fayan CD da aka zuba wa hotunan aure da na suna, da kwafin takardun fili da rasidan ciniki, aka jefa su a akwati bisa zaton abin da ya shiga faifai ya tsira ke nan. Wannan zato yana da haɗari, domin faifan da ake saya babu komai a cikinsa, wanda ake kira CD-R, ba ƙirarsa ɗaya da faifan da kamfani ya buga ba.

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fitar da ƙa'idar CD-R a 1988. Faɗinsa santimita 12 ne, yana ɗaukar kimanin megabait 700, kuma an yi shi hawa-hawa: roba mai garai-garai a ƙasa, sai rini, sai shimfiɗar azurfa ko zinariya mai mayar da haske, sannan ɗan siririn fenti a sama. Idan ana zuba hoto ko rubutu, leza, wato tsinin haske mai ƙarfi, ita ke ƙona ɗigo-ɗigo a jikin rinin, shi ya sa abin da aka zuba ba ya goguwa balle a sake wani a gurbinsa. Sai dai rini abu ne da zafi da hasken rana da laima suke cinyewa a hankali, Ibadan kuwa gari ne mai doguwar damina, saboda haka faifan da ya shekara goma a ɗaki mai danshi yana iya ƙin buɗewa ko da babu ƙwarzane ko ɗaya a jikinsa.

Abin da jama'a suka fi jahilta shi ne, fuskar da ake rubuta suna a kanta ta fi fuska mai ƙyalli rauni, tunda fentin nan kaɗai ya raba ta da bayanan. Danna biro a wurin yana iya huda shimfiɗar, takardar da aka manna kuma takan sa faifan ya karkace wajen juyawa, ko ta ɓamɓaro azurfar ranar da aka cire ta. Alƙalamin maka mai laushin baki ya fi dacewa, kuma a yi rubutun a zoben tsakiya inda babu bayanai. Kamfanin HP ya taɓa fito da dabarar LightScribe a 2004, wadda leza ke zana suna da hoto a bayan faifai na musamman, amma tuni aka daina yayinta.

Mai kai aiki shagon kwamfuta ya kamata ya nemi a zuba da matsakaicin gudu, a rufe faifan yadda wata na'ura za ta karanta shi, a gwada shi a gabansa, sannan a goge kwafin da ya saura a kwamfutar shagon, domin takardar fili ko hoton iyali ba abin bari a hannun kowa ba ne. Da yake yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da gurbin faifai, masu tsofaffin faya-fayai su gaggauta kwashe abin da ke ciki zuwa wuri biyu daban-daban, kamar filasha da ma'ajiyar intanet, tun ana samun na'urar da za ta karanta su.