Cinikin jirgin ruwa a kudancin Jihar Kebbi

Cinikin jirgin ruwa a kudancin Jihar Kebbi shi ne saye da sayar da kwale-kwale da manyan jiragen katako waɗanda ake kamun kifi, fito da dakon kaya da su a kogin Neja da tafkin Kainji. Harkar ta fi ƙarfi a masarautar Yauri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga. Ga mutanen ƙasar Zuru, musamman na ƙaramar hukumar Sakaba mai hedikwata a Dirin Daji, wannan yanki ne babban ruwa mafi kusa da su a cikin jihar.

Tarihi

Tun kafin zuwan Turawa, Sarkawa da Gungawa sun shahara da sana'ar ruwa a wannan yanki. A da, ana sassaƙa kwale-kwale ne daga gungumen itace guda. Bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, ruwa ya faɗaɗa ya zama tafki, sai buƙatar manyan jirage ta ƙaru. Ƙarancin manyan itatuwa kuma ya sa aka koma harhaɗa jirgi da falankin katako da ƙusa.

Ire-iren jirage

Akwai ƙaramin kwale-kwale na masunta, wanda ake tuƙawa da filafili ko gora. Akwai kuma babban jirgin fito mai ɗaukar mutane, buhunan hatsi, dabbobi da babura zuwa kasuwanni, wanda ake ɗaura wa inji a baya. Jirgin faiba ya fi jure ruwa domin ba ya ruɓewa, amma ya fi tsada. Jirgin shaƙatawa mai tafiya da ƙarfin iska, irin wanda kamfanoni kamar Beneteau na Faransa ke sayarwa ta hannun wakilansu, ba shi da kasuwa a nan. A Najeriya an fi ganin irinsa a Legas.

Yadda ake ciniki

Sabon jirgin katako ba kasafai ake samunsa a ajiye ba, yawanci sai an ba da aikinsa. Mai saye yakan je wurin mai haɗa jirgi da kansa, ko ya bi ta hannun dillali idan baƙo ne. Dillali yana haɗa su, ya tsaya a matsayin shaida, sannan ya karɓi la'ada. Akan daidaita a kan tsawo da faɗin jirgin, kaurin katako da ranar gama aiki, daga nan a biya kafin alƙalami, a cika sauran bayan an kammala.

Inji kuwa cinikinsa daban ne. Ana sayensa sabo daga dillalan kamfani, ko na hannu a kasuwa, kuma samfurin Yamaha na cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. Ana auna ƙarfinsa da ƙarfin doki. Sau da yawa kuɗin sabon inji yakan wuce na jirgin kansa. Amfanin saye daga dillalin kamfani shi ne samun rasit mai lambar inji da garanti, abin da ke kare mai saye daga faɗawa cikin rikicin kayan sata.

Abubuwan da ake dubawa

Masu sana'ar sukan fifita katako mai ƙarfi kamar na maɗaci, wanda ya bushe sosai, domin ɗanyen katako yana tsukewa ya bar kafa. Ana duba mahaɗar falankai da yadda aka toshe su, sannan a saka jirgin a ruwa a ga ko yana yoyo ko yana karkata kafin a cika kuɗi. A tsohon jirgi, sabon fenti na iya ɓoye ruɓa, shi ya sa ake ƙwanƙwasa katakon a saurari ƙararsa.

Doka da haɗurra

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ke da alhakin yi wa jiragen haya rajista. Ta hana lodi fiye da kima da tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya.

Ingancin jirgi magana ce ta rai da mutuwa. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kogin Neja kusa da Warra, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, kuma kaɗan ne suka tsira. Jami'ai sun danganta haɗarin da tsufan jirgin da yawan lodi. Kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya shanye su ma suna fasa jirage, musamman idan ruwa ya ja baya.