Amsoshin Takardunku: Shin Makarantun Faransa Sun Hana Addini?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Talata Mafara, ya ce ɗan'uwansa na Maraɗi ya nemi ya ba shi yaro ya sa shi lakwal. Amma ya ji an ce boko irin na Faransa ba ruwansa da addini. Yaya gaskiyar lamarin?

AMSA: To Malam, mun gode da takardarka. Abin da ka ji akwai ƙamshin gaskiya, amma da sauran bayani.

A da, limaman coci ke riƙe da yawancin karatun yara a Faransa. A 1881 da 1882 wani minista, Jules Ferry, ya kawo dokokin da suka mai da firamaren gwamnati kyauta, kuma tilas, aka cire darasin addini daga aji. Sai aka ware rana guda a mako, ban da Lahadi, don iyaye su kai 'ya'yansu koyon addini a waje. Da Alhamis ce, a 1972 ta koma Laraba. A 1905 kuma aka raba gwamnati da coci.

Da Musulmi suka yawaita sai batun ya sake tasowa. A 1989 an kori 'yan mata uku daga aji a garin Creil saboda ɗankwali, a 2004 kuma doka ta hana sa alamar addini bayyananniya a makarantun gwamnati, ko ta wane addini ce.

Nijar ta gaji tsarin lakwal daga Faransa, amma ba ta kwashe shi duka ba. Tun 1957 aka buɗe madarasa a garin Say mai haɗa Faransanci da Larabci, irinta kuma suna nan a Maraɗi. Ana kiransu faranko-arab.

Ka ga ke nan ya bambanta da nan gida, inda yaro a Bakura ko Maradun ke samun darasin addinin Musulunci cikin firamare.

Shawararmu, kafin ka ba da yaron, tambayi ɗan'uwanka: wace irin makaranta ce? In lakwal ce zalla, wane malami zai riƙa yi masa karatun allo da yamma? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya yi wa yaron albarka, amin.