Motar da ba ta shan mai: za ta iso Gabi?

Motar lantarki batir ne ke tuƙa ta, ana caja ta kamar wayar salula. Ba hayaƙi, ba juyen baƙin mai.

Akwai hannun ɗan Arewa a cikin harkar. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, shi ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. A 2007 aka nuna ta a matsayin samfuri, irin motar da ake ƙerawa don gwada dabara, a 2010 ta shiga kasuwa.

To, ina matsalar take gare mu? Wuta. Kun tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, har cajin waya ya zama aiki. Mota kuwa ta fi waya ci nesa ba kusa ba.

Mafita tana sama: rana. A 2021 an buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Don haka wanda zai aiko wa ɗan kabu-kabu babur na lantarki, ya fara tambaya: ina za a yi caji, wa zai gyara, nawa ne sabon batir?