2.4 Dangantakar Hawan Jini da Ciwon Ƙoda

A wannan kashi za a duba abin da binciken likitoci ya gano game da yadda hawan jini yake shafar ƙoda. Masana sun bayyana cewa kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda suke tace jini su fitar da datti ta hanyar fitsari. Idan jini ya daɗe yana hauhawa, siraran jijiyoyin da ke kai jini ga waɗannan matatai sukan yi kauri su tsuke, sai matatan su riƙa mutuwa sannu a hankali. Ita kuma ƙodar da ta raunana takan riƙe gishiri da ruwa a jiki, wanda hakan ke ƙara hawan jinin. A shekarar 1934 Harry Goldblatt ya tabbatar da cewa ƙoda na iya zama tushen hawan jini, inda ya matse jijiyar da ke kai jini ga ƙodar karnuka, jininsu kuwa ya hau.

Bisa wannan fahimta, an zaci cewa da zarar an sauko da jini sosai, ƙoda za ta tsira. Domin gwada wannan zato aka gudanar da binciken AASK a Amurka daga 1995 zuwa 2001, a kan baƙaƙen fata 1,094 masu hawan jini da raunin ƙoda. An kwatanta magunguna uku, wato ramifiril da metofurolol da amlodifin. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna ramifiril ya fi sauran rage saurin lalacewar ƙoda. Sai dai waɗanda aka sauko da jininsu ƙasa ƙwarai ba su fi sauran samun sauƙi ba. Bibiyar da aka yi daga baya ta nuna amfanin hakan ya taƙaita ne ga masu zubar da furotin a fitsari.

A shekarar 2010 aka gano wani ɓangare na dalilin, wato wasu nau'o'i biyu na ƙwayar gado mai suna APOL1. Waɗannan nau'o'i sun yawaita a Afirka ta Yamma, kuma suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma suna iya cutar da ƙoda. A 2013 an gano cewa mahalarta AASK da suka gaje su daga uwa da uba ƙodarsu ta fi saurin lalacewa, ko da an shawo kan jininsu. Haka nan, wani bincike da aka buga a 2024 a kan mutane 8,355 a Nijeriya da Gana ya samu kusan kashi 30 cikin 100 suna ɗauke da su ta ɓangarorin biyu.

Daga abin da ya gabata za a iya fahimtar cewa awon jini kaɗai bai isa ya nuna lafiyar ƙoda ba. Wajibi ne mai hawan jini ya riƙa gwajin fitsari da na jini a kai a kai, domin ciwon ƙoda ba ya nuna alama sai ya yi nisa, lokacin da sau da yawa ba sauran mafita sai wankin ƙoda ko dashe.