Kamara a bakin bindiga: me take gani, me ba ta gani?

A ƙasar Amurka akwai 'yan sanda masu yawo da kamara liƙe a ƙarƙashin bakin ƙaramar bindigarsu. Kamarar ba ta da girma, tana shiga tafin hannu. Muddin bindiga tana cikin kubenta, kamara barci take yi. Da an zaro bindiga, sai ta farka da kanta, ta soma ɗaukar hoto da murya. Wani ɗan maganaɗisu da ke cikin kuben shi ke tashe ta. Ɗan sanda ba ya danna kome, saboda haka ba ya iya cewa ya manta. Wani kamfani mai suna Viridian, a jihar Minnesota, yana ƙera irinta.

Manomin Droum zai ce: ina ruwan mai gero da bindigar Amurka? Da ruwansa. Tambayar da ta haifi wannan kamara an sha yin ta a Nijar: wa ya yi harbi, kuma don me?

Abin da ya kawo ta

A watan Agusta na 2014, a garin Ferguson, wani ɗan sanda ya harbe wani saurayi baƙar fata, Michael Brown. Babu hoton harbin. Shaidu suka saɓa wa juna, gari ya yamutse. A watan Disamba na wannan shekara shugaba Obama ya nemi a ware dalar Amurka miliyan 75, don a taimaka a sayi kamara 50,000 ta ratayawa a ƙirjin riga.

Amma kamarar ƙirji tana da nata aibi. Mai harbi yakan miƙa hannu biyu gabansa, sai hannuwan su tare mata gani. In ya laɓe bayan mota ko bango, bangon kaɗai za ta ɗauka. Wannan giɓi ne aka so kamarar bindiga ta cike. Inda bakin bindiga ya duba, nan take dubawa.

A Damagaram, cikin watan Disamba na 2011, an yi tarzoma tsakanin matasa da jami'an tsaro. Wani ɗan lakwal ya rasu, wata mace kuma harsashi ya same ta ta rasu. A Tera, ran 27 ga Nuwamba 2021, jama'a suka tare ayarin motocin sojan Faransa, wanda jandarmomin Nijar ke yi wa rakiya. Aka buɗe wuta, mutum uku suka mutu. An yi bincike, amma ba a bayyana wanda ya harba ba. A 2022 Nijar da Faransa suka amince su biya diyya, miliyan 50 na sefa ga iyalin kowane mamaci. Diyya ta fito, sunan mai harbi bai fito ba. A irin wannan rana, da kowace bindiga tana da ido, da aikin alƙali ya yi sauƙi.

Abin da ba ta gani

Kamarar bindiga ba ta ganin mafarin rigima. Ba ta jin gaisuwa, ba ta jin zagi, ba ta san wanda ya fara ɗaga hannu ba. Kamar mutum ne da ya iso wurin faɗa bayan an fasa kai, aka ce ya ba da shaida.

Kuma ba kullum ake harbi ba. A 2017 cibiyar bincike ta Pew ta bayyana cewa cikin 'yan sandan Amurka 100, kamar 27 ne suka taɓa harbi a bakin aiki. Sauran ba su taɓa ba, in ban da wurin koyo.

Ana kashe mutum ba da harsashi ba. A watan Mayu na 2020, a birnin Minneapolis, ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har ya mutu. Wata yarinya mai shekara 17 ce ta ɗauki hoton da wayar salula, kuma hoton ya taimaka aka ɗaure ɗan sandan. A Yamai ma, lokacin zanga-zangar ɗalibai ta watan Afrilu 2017, wani hoton bidiyo ya bazu, yana nuna 'yan sanda suna dukan wani ɗalibi da kulki. Kotu ta yanke wa uku daga cikinsu kaso na shekara guda. Kamarar bindiga ba za ta ga kulki ba.

Akwai kuma abin tsoro. Mai son ɗaukar hoto da wannan kamara, dole sai ya nuna wa mutum bakin bindiga.

To, a karkara fa?

A ƙauyukan Droum da sauran gundumar Mirya, jandarma da ɗan garda aka fi gani, ba ɗan sandan birni ba. Sau da yawa doguwar bindiga suke ratayawa a kafaɗa. Ita ba ta da kube, balle a ce zarowa ce za ta tashi kamara.

Talaka kuwa yakan gamu da jami'i a shingen hanya, ko ranar kasuwa, ko in an saci dabba, ko in shanu sun shiga gona kafin a kwashe amfani. A nan baki ne ke aiki. In ƙorafi ya taso, bai wuce baƙar magana, ko mari, ko kuɗin da aka karɓa ba takarda. Wani lokaci kuma jami'in ne ake yi wa ƙage. Kamarar ƙirji tana iya raba wannan gardama, ta bindiga ba ta iyawa. In kuɗin hukuma kaɗan ne, da ta ƙirji ya kamata a fara, ta bindiga ta biyo baya.

Ita ma ta ƙirjin ba laya ba ce. A garin Rialto na Amurka, gwajin da aka soma a 2012 ya nuna ƙarar da ake kai 'yan sanda ta ragu ƙwarai. Amma a birnin Washington, gwajin da aka yi da 'yan sanda fiye da 2,000, aka bayyana sakamakonsa a 2017, bai nuna wani canji a halinsu ba. Ga kuma ɗawainiya: kamara tana son caji kowace rana, hotuna suna son kwamfuta da mai kula da ita.

Babbar magana ita ce: a hannun wa hoton zai zauna? In wanda ake ƙara shi ne mai ajiya, hoto yana iya ɓata. Sai an yi doka da ta faɗi wanda zai ajiye shi, da tsawon lokacin ajiya, da hukuncin wanda ya goge. Ta kuma ba alƙali ikon ya ce a kawo masa.

Kafin wannan, wanda ya yi yaƙi da jahilci yana da abin yi. In wani abu ya faru a gabansa, ya rubuta rana, da lokaci, da wuri, da lambar mota, da sunayen waɗanda suka gani. Ya nuna wa mai gari takardar, ya ajiye ta inda ruwa da gara ba za su taɓa ta ba, har ranar da kotu a Damagaram za ta nemi shaida.