Ɗan Kwikwiyo a Gidan Haya: Yadda Ake Koya Masa Keji da Fita Fitsari

A garuruwanmu wurin kare sananne ne: ƙofar gida, ko garke, ko bayan mafarauci. Ba mai damuwa da inda zai yi fitsari, filin Allah duk nasa ne. A Birtaniya kuwa kare ɗan ɗaki ne, kuma da yawanmu mun wayi gari muna zaune da shi ba tare da mun nema ba. Ɗalibi ya kama ɗaki a gidan da ake kiwon kare, mai aikin kula da tsofaffi an tura ta gidan da aka kawo sabon kwikwiyo, wani kuma 'ya'yansa da aka haifa a nan ne suka matsa har ya sayo. Ni ina cikin rukunin farko. Ina haya a gidan wata dattijuwa Baturiya a gefen Landan, wadda ta kawo kwikwiyo ɗan mako 8, muka yi rainonsa tare.

Ga Musulmi, maganar ta wuce wari. Malaman Malikiyya ba sa ɗaukar jikin kare mai rai a matsayin najasa, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne a dukkan mazhabobi huɗu. A gidan da aka shimfiɗa kafet tun daga ƙofa har bene, tsarkin ƙafarka da sallayarka ya rataya a kan ko kwikwiyon ya koyi fita waje. Akwai kuma aljihu: a Ingila kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa yana iya kaiwa hayar mako 5, kuma kafet da fitsari ya lalata daga ciki ake cire kuɗinsa.

Abu na farko da dattijuwar ta saya shi ne kejin waya. Wanda ya fara ganinsa zai ce kurkuku ne, amma hikimarsa tana cikin ɗabi'ar kare: ba ya son ɓata makwancinsa. Idan kejin ya zama ɗakinsa, zai yi ƙoƙarin riƙe fitsari har a fitar da shi. Shi ya sa girman kejin yake da muhimmanci. Ana so ya ishe shi ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. In ya fi haka faɗi, sai ya mayar da kusurwa ɗaya masai, ɗaya wurin barci. Yawancin kejin suna zuwa da shingen tsakiya da ake matsarwa yayin da yake girma.

Ba a tura shi ciki da ƙarfi. Mu mun ajiye kejin a falo, inda yake jin motsin mutane, muka shimfiɗa masa bargo, muka bar ƙofar a buɗe. Kwanakin farko a ciki muke zuba masa abinci. Da ya saba shiga da kansa, sai muka fara rufe ƙofar yana ci, mu buɗe da zarar ya gama. Daga nan minti 5, minti 10, har rabin awa, wani lokaci muna zaune kusa, wani lokaci mu fita daga ɗakin. Mukan cire masa abin wuya kafin ya shiga, don kada ya maƙale a waya ya shaƙe shi. Kuma ba mu taɓa jefa shi ciki don ya yi laifi ba, domin ranar da keji ya zama wurin horo, ranar ya daina amfani.

Keji kaɗai ba ya koyar da komai. Agogo ne malamin. Mafitsarar kwikwiyo ƙarama ce, kuma lissafin da masu horar da karnuka suka saba bayarwa shi ne kusan awa ɗaya ga kowane wata na haihuwarsa. Ke nan ɗan wata 2 ba a jiran ya wuce awa 2. Ana fitar da shi da zarar ya farka, da bayan ya ci ko ya sha, da bayan wasa, da dab da kwanciya. Kullum wuri ɗaya a lambun gidan, domin warin da ya bari jiya shi ke tuna masa abin da ya kawo shi. Ka tsaya shiru har ya gama, nan take ka yaba masa ka ba shi ɗan abin taunawa. In ka bari sai kun koma ɗaki, zai zaci ladan shigowa aka ba shi.

Dare shi ne wahalar. Makonnin farko sai an tashi sau ɗaya ko biyu, cikin sanyi da yayyafi. Mun raba aikin: ita ta tsakar dare, ni ta asuba, tunda dama zan tashi. Ba wasa, ba hira, a fita a dawo. A hankali na gane alamunsa da rana: ya kafa hanci a ƙasa yana shinshina, ya fara zagaye, ko ya bar wasa ya nufi ƙofa.

Duk da haka sai ya yi a ɗaki, ba sau ɗaya ba. A nan ne tarbiyyar da muka taso da ita za ta ce a ɗauko bulala. Duka ko cusa masa hanci a fitsari ba ya koya masa cewa wurin ne bai dace ba. Abin da zai koya shi ne yin fitsari a gabanka haɗari ne, sai ya koma bayan kujera, kuma ko a lambu ya ƙi yi kana kallo. In ka kama shi yana ciki, ɗauke shi ka kai waje. In ka tarar ya riga ya yi, goge kawai. Kada ka yi amfani da abin wanki mai sinadarin amoniya, domin warinsa kamar na fitsari ne a hancin kare. Kantunan kayan dabbobi suna sayar da ruwan wanki na musamman da ke narkar da warin. Yawancin kwikwiyo suna gogewa tsakanin wata 4 zuwa 6, wasu sai sun kusa shekara. Wanda ya goge sannan ya dawo yana ɗiga fitsari a kai a kai, likitan dabbobi za a kai shi, wataƙila ciwon mafitsara ne.

Sai kashedin da ya fi shafar mu masu aikin awa 12. Keji ba ma'ajiya ba ce. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA tana ba da shawarar kada a bar ko babban kare shi kaɗai fiye da awa 4, balle jariri. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 a Ingila da Wales ta ɗora wa mai dabba nauyin samar mata wurin zama da ya dace, kuma maƙwabcin da ya ji kuka tun safe har dare ba ya jin nauyin buga waya. Tun 2016 wajibi ne a sa wa kare 'yar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata kafin ya wuce mako 8, in ba haka ba tara tana iya kaiwa fam 500. Wanda karensa ya yi kashi a titi bai kwashe ba, ƙaramar hukuma tana iya cin sa tarar da ta kai fam 100 nan take, don haka leda ba ta rabuwa da aljihu.

Saboda haka, kafin ka amsa wa yara, duba takardar hayarka ko an yarda da dabba, sannan ka zauna da iyalinka ku rubuta wa zai fitar da shi ƙarfe 7 na safe, wa zai fitar da shi da azahar, wa zai tashi ƙarfe 3 na dare. In akwai awannin da ba sunan kowa a kansu, a dakata da kawo shi har a sami mai cike su.